Kuɗin Namu, Gidan Nasu

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu shiga ofis, kafin ku yi nisa cikin karatun nan muna roƙonku ku nemo takardar albashin wani ƙaramin ma'aikacin gwamnatin tarayya, ta wanku ce ko ta mahaifinku ko taku, ku shimfiɗa ta a gabanku. A gefen da ake jera abin da aka zaftare, kusa da haraji da fansho da kuɗin ƙungiyar ƙwadago, za ku ga wani ɗan layi mai haruffa uku, NHF. Watau Asusun Gidaje na Ƙasa ke nan, wanda gwamnatin Janar Babangida ta kafa da dokar soja a 1992. Tun daga lokacin ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi duk wata, bisa alkawarin za a tara kuɗin a ba ma'aikaci rance ya mallaki muhallinsa. To, kowa ya ƙirga a ransa: cikin masinjoji da akawuna da direbobi da masu gadin da ya sani, mutum nawa ne ya taɓa karɓar makullin gida ta wannan hanya?

Maganarmu ba mai yawa ba ce, ko da yake za ta yi wa waɗansu ɗaci. A manyan biranen ƙasar nan, Kano ce ko Kaduna ko Abuja, an tsara sha'anin gida ta yadda ƙaramin ma'aikaci zai biya kuɗin, wani dabam ya kwana a ciki. Kullum ana ce mana rashin tattali ne, wai samarin yanzu ba su da haƙuri, wai iyayenmu da ɗan albashinsu suka yi gini. Mu kuwa mun san ruwa ba ya tsami banza. Akwai dokokin da suka jawo haka, akwai ofisoshin da ke aiwatar da su, akwai kuma hannuwan da ke sa hannu, kuma ko wanne ana iya nuna shi da yatsa.

Bari mu fara da lissafi, tun da shi ba ya jin nauyin kowa. Ƙa'idar asusun ita ce Bankin Rancen Gidaje na Tarayya zai ba mai zubi rance da ruwa kashi 6 cikin 100, ya biya cikin shekara 30, da sharaɗin abin da zai riƙa biya duk wata kada ya wuce sulusin abin da yake samu. A takarda abin gwanin sha'awa, balle in aka tuna a 2024 ruwan bankunan kasuwa ya haura kashi 20. Amma ɗauki mai albashi mafi ƙanƙanta, watau Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yuli 2024. Sulusinsa Naira 23,000 ne da 'yan kai. Ko da zai biya wannan shekara 30 ba fashi ba ciwo, iyakar rancen da lissafi zai yarje masa bai kai Naira miliyan 4 ba. Mai Naira 100,000 kuwa, miliyan 5 da rabi. Wanda ke tantama ya kai wa 'yan'uwanmu na sashen lissafi su buga masa. In sun tabbatar, sai ya ɗauki adadin ya tafi wurin dillali a Rijiyar Zaki ko a Kubwa, ya ce gida yake so, ya ga irin kallon da za a yi masa.

Tun ma kafin a kai ga wannan lissafi, sai ka kawo takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna, domin ita ake riƙewa jingina. Talakan da ya sayi rabin fuloti a awon igiya, gaban mai unguwa da shaidu biyu, takardarsa ta hannu ce, banki ko kallonta ba ya yi. Wa ya rage ke nan? Darakta, da babban sakatare, da mai albashin da sulusinsa zai ɗauki rancen miliyoyi, da wanda ke da mai tura masa fayil daga tebur zuwa tebur. Su ne ke cin rance mai arha, kuɗin kuwa na masinja ne da mai shara. Shi mai zubin da bai samu ba, an ce in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 yana aiki, za a mayar masa da abinsa da ƙarin kashi 2 cikin 100. Kashi 2, jama'a, a ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 a 2024! Kuɗin da aka cire masa sa'ad da suke sayen buhun siminti, za a miƙo masa su ranar da da ƙyar za su sayi bulo guda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A 2023 an gyara dokar aka ce ma'aikacin kamfani in ya ga dama ya zuba, in bai ga dama ba ya bari. Ma'aikacin gwamnati shi ba a ba shi zaɓi ba, domin albashinsa ta hannunsu yake biyowa. Ba mu ma taɓo batun waɗanda addininsu ya hana su karɓar rance mai ruwa ba, waɗanda aka shekara da shekaru ana zaftare musu kuɗi don wani abin da ba za su iya nema ba.

Tushen ciwon yana cikin ƙasa, ƙasar da ake takawa. Ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, ta ɗauki dukkan ƙasar da ke cikin jiha ta damƙa wa gwamna, wai amana ce ya riƙe domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Mu a Arewa abin bai zo mana baƙo ba, domin tun 1910 Turawan mulkin mallaka suka yi shela mai kama da wannan, aka kuma sabunta ta a 1962. An ce manufar ita ce a karya lagon masu tara filaye, har dokar ta tanadi cewa wanda ke riƙe da filin da bai gina ba a cikin birni, rabin hekta kaɗai za a bar masa, saura ya koma hannun hukuma. Wanda ya karanta ta da zuciya ɗaya sai ya ce gurguzu ya sauka a Nijeriya. Daga nan aka cusa ta cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999, ta yadda ba a iya taɓa ta sai da irin wahalar da ake sha wajen gyaran tsarin mulki.

An ambaci amana, amma ba a faɗi wanda zai tuhumi mai riƙon amanar ba. Kwamitin da ke ba gwamna shawara kan rabon fili, gwamnan ne ke naɗa shi. Mai takarda ba ya sayarwa, ba ya jinginarwa, sai da yardar gwamna, kuma yardar tana da kuɗinta, tana da watanninta na jira. Ku dubi abin da ke faruwa a bakin birni. Manomi yana noma gonar da ya gada kaka da kakanni, sai birni ya iso shi. Rana ɗaya a zo da na'urar awo, a ce an soke haƙƙinsa domin amfanin jama'a. Diyyar da doka ta san da ita ta shuka ce da itatuwa da gini; ƙasar kanta ba a biyansa, tun da an ce ba tasa ba ce. A yanka gonar fuloti-fuloti, a raba wa masu uwa a gindin murhu. Su kuwa ba gini ne a gabansu ba, takardar suke sayarwa, wanda ya saya ya ajiye shekara biyu ya sayar, kafin ta iso hannun mai son ya gina ya zauna da iyalinsa ta ninka sau ba adadi. Ɗan manomin kuma a ɗauke shi gadin filin ubansa. Wace jama'a ce aka yi wa amfani a nan?

Takardar ma ba ta da tabbas. A Yuni 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe gine-ginen da aka yi a filayen da gwamnatin da ta gabace ta ta ba da, har da shagunan filin Idi da ginin da aka tayar a tsohon otal ɗin Daula. Ba mu zo raba gardama tsakanin masu jar hula da abokan hamayyarsu ba. Ko wane ɓangare yana da masu yi masa ihu, ba ya bukatarmu. Abin da ya dame mu shi ne kujera ɗaya ce ta ba da filin, ita ce kuma ta aiko da katafila. In attajiri mai lauyoyi zai kwana da shago ya tashi da tarin ɓaraguzai, ina ga malamin makaranta mai rabin fuloti da takardar mai unguwa?

Wanda ke son ya ga inda wannan hanya take ɓullewa sai ya leƙa Abuja, inda da yawa daga cikinmu ke mafarkin samun aiki in mun gama bautar ƙasa. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta zaɓi wurin, aka ce birnin kowa ne, ba na wata ƙabila ba. Da aka tare a Disamba 1991, gwamnati tana da gidajen ma'aikata a Garki da Wuse da Nyanya da Karu da Kubwa, ƙaramin ma'aikaci yana samun ɗaki ko biyu ana cire masa kaɗan a albashi. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta ce ta daina ba da gida, kowa za a zuba masa kuɗin muhalli cikin albashinsa ya nemi wurin kwana, daga 2005 kuma aka shiga sayar da gidajen. Waɗanda ke ciki a lokacin, da yawa sun samu, ba ma yi musu hassada. Amma duk wanda aka ɗauka aiki bayan nan ya tarar an gama rabo an wanke tukunya, kuɗin muhallin da aka zuba masa kuwa hauhawar farashi ta lashe shi tun tuni. Yau ma'aikacin da ke buga takardun minista a Mararaba yake kwana ko Masaka, cikin jihar Nasarawa, ko Suleja da Madalla, cikin jihar Neja. Yana fita tun da asuba, ya yi sa'o'i cikin cunkoson hanyar Nyanya, ya dawo bayan 'ya'yansa sun yi barci. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, kuɗin mota ya zama haya ta biyu.

Alhali kuwa a Maitama da Asokoro ga manyan gidaje nan a kulle, ba kowa ciki sai mai gadi da ƙadangaru. Wani zai yi mamaki, yaya mutum zai kashe dukiya ya yi gini ya bar shi ba haya ba zama? Ai ba don zama aka gina su ba. Rumbu ne na ɓoye kuɗin da banki zai yi tambaya a kansu. A Disamba 2024 wata kotu a Abuja ta mallaka wa gwamnati rukunin gidaje 753 a unguwar Lokogoma, wanda hukumar EFCC ta ce na wani tsohon babban jami'in gwamnati ne, kuma ana zargin da dukiyar haram aka gina shi. Gida 753, mutumin kuwa jiki ɗaya gare shi, in dare ya yi gado ɗaya zai hau. Duk sa'ad da kuɗin sata da kuɗin albashi suka haɗu gaban dillali ɗaya a kan fili ɗaya, farashi ɓarawo yake bi, domin shi ba ya tayawa.

Kayan gini kuwa ba sai mun tsaya a kansu ba, kowa ya ji a jikinsa. A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da dama, watau albashi mafi ƙanƙanta na wata guda a lokacin da ƙyar ya kai buhu uku, in mai shi bai ci bai sha ba. A 1975 an ce matsalar ita ce daga waje ake kawo shi, har ɗaruruwan jiragen ruwa suka toshe tashar Legas da lodinsa. Yanzu a Obajana da Ashaka da Sakkwato ake yin sa, da dutsen ƙasarmu, kamfanoni uku sun riƙe kusan dukkan kasuwar, talaka dai bai ga sauƙi ba.

To, mu ɗauka Allah ya yi maka gyaɗar dogo. Ka yi shekara goma sha biyar kana adashi, ka ci bashin ƙungiyar ma'aikata, matarka ta sayar da 'yan kunnenta na aure, ka kafa ciki da falo a Gaida ko Rangaza ko bayan Janguza, ka tare tun ba a yi filasta ba, tagogi da buhu a jiki. 'Yan'uwa sun zo sun yi addu'a, an ce ka huta da haya. A ranar ne za ka gane ba gida kaɗai ka gina ba, gwamnati ka zama. Kai ne hukumar ruwa: famfo bai san unguwarku ba, ko dai ka riƙa tare 'yan ga-ruwa da kurarsu kullum safiya, ko ka haƙa burtsatse. In ka haƙa, maƙwabcinka mai hali ya haƙa wadda ta fi taka zurfi, rijiyoyin talakawan layin su ƙafe, su dawo ƙofarka da jarkoki. Kai ne hukumar lantarki: ku sayi turaku, ku sayi waya, ku yi karo-karo ku sayo taransifoma, ranar da aka ɗaura ta kuma ta zama dukiyar kamfanin da aka sayar wa harkar rarraba wuta a 2013, ya aiko muku da takardar biya. In ta ƙone, ku sake karo-karo. Waɗanda aka ce suna layin gata, a Afrilu 2024 an mayar musu da kuɗin awon wuta guda Naira 225 daga ƙasa da 70. Ku da ba ku cikin gata sai janareta, ko sola in akwai hali, batir kuma yana da ajalinsa.

Hanya fa? Da damina mai a-daidaita-sahu a bakin titi yake sauke ka, ya ce ba zai kashe abin sana'arsa ba, kuma da gaskiyarsa. Mace mai naƙuda a baro ake turo ta zuwa kwalta. Lambatu babu, domin mai awon igiya bai bar masa wuri ba, kowane taku na gonar kuɗi ne a wurinsa. Sokawenka yana jingine da rijiyar maƙwabci, nasa yana jingine da taka, sa'an nan in amai da gudawa ya ɓarke a ce ƙazantar talaka ce. Kuɗin 'yan sintiri duk wata, kuɗin mai kwashe shara duk mako, kuɗin cike ramin bakin layi duk shekara. Bayan ka gama yi wa hukuma dukkan aikinta da aljihunka, sai ga ma'aikacinta da rasit yana neman harajin fili. Shi dai wannan bai taɓa ɓata hanya ba, ko da laka ta kai gwiwa.

Shi kansa ginin yana ci kamar mai rai. Bulon da aka buga da siminti kaɗan yashi da yawa, don mai bulo shi ma yana neman na tuwo, shekara biyar ya fara zuba. Danshi ya hau bango daga ƙasa, fenti ya kumbura. Kwano mai arha ya yi tsatsa ya fara yoyo a kan gadon yara, gara ta shiga katakon rufi, iskar farkon damina ta yaye rabinsa. Mai albashi yana iya toshe wannan ya bar wancan. Ɗan fansho kuwa sai kallo, ya sa bokiti inda ke ɗiga.

Akwai wani malami da ya koya wa waɗansunmu lissafi a sakandare, mutum mai tsantseni, wanda ko alli ba ya kai wa gida. Ya sayi fili yana da shekara takwas a aiki. Ya yi harsashi, ya tayar da bango har linta, daga nan abin ya tsaya. Duk shekarar da ya tara kuɗin rufi sai ya tarar kwano da katako sun yi gaba sun bar shi. Ya ce in ya karɓi giratuti zai ƙarasa. Giratutin ya zo bayan shekaru, ya zo kuma ya rame. Da hutun da ya wuce muka bi ta wurin: tumfafiya ta fito a tsakiyar falo, awaki sun samu wurin kwana, bangon gabas ya tsage. Malam yana nan a gidan haya, mai gidan kuma ya aiko masa cewa ɗansa zai yi aure bayan Salla, yana bukatar wurin. Wannan mutum shi ya koya mana lissafin riɓanyar ruwa a allo. Wa zai dubi idonsa ya ce masa rashin tattali ne?

Kakanninmu na cikin ganuwa ba su san wannan irin tsaka mai wuya ba, ko da yake suna da tasu. Ƙasar gini a bayan gida ake haƙo ta, a cuɗa, a yi tubali, a kafa azara ta giginya, a shafe da makuba. Ramin da aka haƙa ya zama kududdufi, ruwan sama na unguwa duk can yake taruwa. Kafin damina a yi yaɓe, a gyara indararo, maƙwabta su taya. Gyaran gida aikin shekara-shekara ne kamar noma, kuma bai dogara ga farashin dala ba. Da wannan ƙasa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, masana gini na duniya suna zuwa kallo. Ba muna cewa a koma jiya ba ne. Mun san gidan ƙasar da aka bar shi ba yaɓe yana faɗa wa mutane a watan Agusta, mun kuma yi jana'izar waɗanda ya faɗa wa. Amma Cibiyar Binciken Gini da Hanyoyi ta Ƙasa tana nan tun 1978, ta daɗe da fito da injin matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan a sami bulo mai ƙarfi, jami'o'inmu kuma cike suke da sassan zanen gini. Wace gwamnati ce ta gina unguwa guda da shi a tsakiyar birni don mutane su gani su yarda? Kududdufan kuwa an cike su an yanka fuloti, badala an sassare ta an yi shaguna, sa'an nan ruwan Agusta ya dawo neman wurinsa ya tarar da ɗakin wani, a ce ambaliya ce daga Allah. A nan mu 'yan boko muna da namu laifin. Mu muka mayar da ginin ƙasa abin kunya, har iyayen yarinya suna tambaya ko gidan na siminti ne kafin su tambayi halin yaron.

Za a ce mana gwamnati ba ta iya gini ba, a bar wa 'yan kasuwa. Za a kawo misalin Shugaba Shagari, wanda ya yi alkawarin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara daga 1979, abin da aka gama bai kusanci haka ba, waɗansu kuma aka kai su daji saboda gwamnonin jam'iyyun hamayya sun ƙi ba da fili a kusa. Gaskiya ne. Amma har yau akwai unguwannin da ake kira da sunan Shagari, da mutane a ciki, jikokin ƙananan ma'aikata. A shekarun nan guda huɗu Lateef Jakande ya gina dubban ƙananan gidaje a Legas, talakawa suka shiga. A Kano ma Kundila ba daga sama ta faɗo ba. Singafo, wadda ta kafa hukumar gidajenta a 1960, yau kusan mutum takwas cikin goma na 'yan ƙasar a gidajen da hukumar ta gina suke zaune, kuma da kuɗin da ake cire musu a albashi suke biya, irin dai cirewar da ake yi wa namu. Inda abin ke lalacewa a wurinmu sananne ne. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina a Kano tsakanin 2011 da 2015 gini ne mai kyau, ba mai musu, amma an yi su da girma da tsadar da ma'aikacin da ke mataki na takwas ko a mafarki ba zai taya ba, gidaje da yawa suka shekara da shekaru ba kowa. Ɗaki biyu da banɗaki da famfo mai zuwa, kusa da wurin aiki, a riƙa cira a albashi har ya zama naka: abin da ake nema ke nan, kuma shi ne ba mai son ginawa, domin ba ya kyau a hoton buɗe aiki, kason ɗan kwangila kuma ba ya kauri.

Haya ma ba abin kunya ba ce in da doka. Abin kunya shi ne a biya mutum wata-wata, a ce ya biya hayar shekara guda a dunƙule, wani wurin biyu, ga la'adar dillali, ga ƙari duk sa'ad da mai gida ya ga dama. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 ta hana karɓar fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ta tsame Ikoyi da Victoria Island da Apapa da unguwar Turawa ta Ikeja daga ciki, ko a sauran wuraren ma masu gida ba su fasa ba. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya lissafa muhalli mai kyau cikin abin da hukuma za ta nema wa kowane ɗan ƙasa, sashe na 6 kuma ya hana kotu sauraron ƙarar wanda bai samu ba. An ba ka da dama, an karɓe da hagu, cikin littafi guda.

Saura mu. Nan da shekara biyar waɗansu daga cikin masu karanta wannan mujalla suna ma'aikatar ƙasa da safiyo, waɗansu suna banki, waɗansu suna hukumar tsara birni. Fayil ɗin da ke ɓata sai an ba da na goro ya fito, ba aljani ke ɗauke shi ba, wani ne da ya taɓa zama a ɗakin laccar da muke zama, ya taɓa ɗaga kwali yana zagin azzalumai. Mun san abin da muke faɗa wa juna da daddare a ɗakin kwana: wane zai yi bene, wane zai tara filaye goma ya bar su su yi daraja, wane zai gina gidajen haya ya huta. Ba mu ƙi tsarin ba, jiran layinmu muke yi. Wanda ya ga wannan magana ta yi masa zafi, ya tambayi kansa dalili.

Domin haka muna kira ga ƙungiyarmu ta ɗalibai, da rassan ƙungiyoyin ƙwadago da yayyenmu ke ciki, su bar yawon kai gaisuwa gidajen gwamnati su nemi abu mai suna. A mayar da zubin asusun gidaje na ganin dama ga ƙaramin ma'aikaci, ko kuwa a keɓe masa kasonsa da ba mai taɓawa. A ba mai awon igiya takardar da banki zai karɓa, da kuɗin da bai wuce albashin wata ba. A ɗora haraji mai nauyi kan gidan da aka kulle da filin da aka killace aka bari a cikin birni, a zuba kuɗin a famfo da lambatu. Farkon abin yi kuwa ba ya bukatar zanga-zanga ko izinin kowa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa hukumar tarayya ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Sakataren ƙungiya ya rubuta wa Bankin Rancen Gidaje na Tarayya ya tambaya: nawa aka tara daga ma'aikatan mataki na ɗaya zuwa na takwas tun 1992, mutum nawa daga cikinsu aka ba rance, gidaje nawa, a waɗanne garuruwa? Ya rubuta wa Ma'aikatar Gidaje ya tambayi wa da wa za su shiga gidajen nan 753 na Lokogoma, kuma a kan nawa. Amsar da ta zo za mu buga ta a fitowa ta gaba yadda take, in kuma ba ta zo ba za mu buga kwafin wasiƙar da ranar da aka karɓe ta.